Baba, awa nawa jiya?

Yau labarin barcin mahaifinmu muka kawo muku. Mun nemi izninsa kafin mu rubuta. Ya ce mu rubuta, amma kada mu kama sunansa, don a faɗarsa mutanen kasuwa ba su da sirri.

Duk unguwarmu an san minsharin Baba. Lokacin zafi, da kowa ke fid da tabarma tsakar gida, maƙwabtanmu na bayan katanga kan tare mu da safe su ce jiya ma injin niƙan gidanku bai huta ba. Mu ma dariya muke yi. Mun tashi muna jin cewa minshari barcin mai gida ne da ya wuni nema ya ci ya ƙoshi. Inna kaɗai ce ba ta dariya. Ita ta saba da ƙarar, shirun da ke tsakiya ne ke hana ta barci. Baba zai ja sau huɗu, sau biyar, sai ɗif, kamar an ɗauke kuran. Ƙirji na motsi, ciki na motsi, iska ba ta shiga. Ta ce takan riƙa salati a zuci tana jira, wani lokaci ta yi uku bai dawo ba, sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya ya ci gaba. Da safe in ta faɗa mishi sai ya ce shi bai san an yi ba. Ta fi shekara ashirin tana wannan gadi.

In ya farka a firgice yana riƙe da wuya, cewa ake dannau ne, a yi tofi a shafa. Wani abokinsa ya ce ya je wanzami ya duba mishi beli, Baba ya ce ai nashi tun ran suna aka cire. Da rana kuwa gyangyaɗi ko'ina: a shago yana cikin ciniki, a wurin ɗaurin aure, ran Juma'a liman bai kai rabin huɗuba ba kai ya sunkuya. Hawan jini ya kama shi, magani ya tashi daga ƙwaya ɗaya zuwa uku, bai sauka yadda likita ke so ba. Dare guda ya tashi fitsari sau huɗu, muka zaci suga ne, aka auna babu. Wata rana barci ya ɗauke shi bisa sitiyari a hanyar Gidan Rumji, Allah ya tsare, mota ta sauka cikin yashi ta tsaya. Daga ranar ya bar tuƙi, muka ce tsufa ne. Ba wanda ya haɗa waɗannan abubuwa wuri guda a cikinmu.

Wanda ya haɗa su Yayanmu ne, babban ɗan gidan, da ke zaune a Faransa kusa da Liyon yana tuƙa babbar motar kaya. Ya zo konje cikin Afrilu, tsakiyar zafi, da wata ƴar baƙar jaka da bai yarda a haɗa ta da sauran kaya ba. Mun ɗauka tsaraba ce. Da dare ya buɗe, sai ga ƴar na'ura da ba ta fi rediyon Baba girma ba, da tiyo mai kamu huɗu, da takunkumin roba na hanci. Ashe shekara biyu ke nan yana kwana da ita bai faɗa wa kowa a gida ba. A daren nan ya ji Baba daga tabarmarsa. Da asuba, kafin a tafi masallaci, ya ce mana: "Ciwona ne ke ga Baba, kuma nashi ya hi nawa."

Ga yadda ya yi mana bayani, kuma daga baya likita ya tabbatar. In barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da harshe sukan saki. Ga wasu hanyar iska takan ƙuntata ta riƙa ƙara, shi ne minshari. Ga wasu takan rufe gaba ɗaya. In numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai har daƙiƙa 10, likitoci sukan ƙirga shi ɗaya. Iskar da ke cikin jini ta ragu, zuciya ta buga da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta ɗan tada mutum ya buɗe hanya, ya koma barci bai san ya farka ba. Daga sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Na'urar, wadda Faransawa ke kira PPC, masu Ingilishi kuma CPAP, iskar ɗaki kawai take turawa da ɗan ƙarfi don ta tokare hanyar, kamar yadda iska ke riƙe tayar keke kada ta lotsa. Wani likita a Sidni ta Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a 1981. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutanen duniya masu shekara 30 zuwa 69 da ke da wannan ciwo sun kai miliyan 936. Kuma na'urar ba ta warkarwa. Daren da ba ka sa ta ba, ciwon na nan yadda ka bar shi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne na'urar Yaya tana kai rahotonsa. Akwai abu irin na salula a cikinta. Kowace safiya in ya cire takunkumi, sai ta aika wa kamfanin da ya ba shi ita awa nawa ya yi, iska nawa ta zurare ta gefe, sau nawa numfashi ya tsaya duk da haka. Sai da ya sa hannu a takarda ya yarda kafin a fara. Kuma maganar da kuɗi a ciki: tun farkon 2018, abin da asusun lafiya na Faransa ke biyan kamfanin ya danganta da awannin majinyaci. In ya cika awa 112 cikin kwana 28, wato huɗu kowane dare, a biya su cikakke, in ya gaza a rage. An taɓa yin wata doka a 2013 da ke iya kaiwa ga yanke biyan in majinyaci ba ya sa na'urar, ƙungiyoyin majinyata suka kai ƙara, babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta soke ta cikin Nuwamba 2014. A Amurka ma inshorar gwamnati ta tsofaffi na neman awa huɗu a kashi 70 cikin 100 na darare, cikin kwana 30 a jere, a watanni ukun farko. Ga Yaya kuwa abin ya wuce kuɗi. Direban babbar mota mai wannan ciwo a Turai sai likita ya duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma takardar awannin nan na cikin abin da yake dubawa. Permin da ke ciyar da gidansa, da rabin namu, yana rataye da ita.

Muka ce, to ai wannan ɗan sanda ne ka kwana da shi. Ya yi dariya ya ce haka ya ɗauka da farko. Satin farko can ya riƙa cire takunkumin ƙarfe biyu na dare yana jefarwa, ya yanke a ransa zai mayar musu da kayansu. Rana ta biyar wata mata ta kira shi daga kamfanin. Ba ta ce mishi don me ba ka sa ba. Ta ce ta ga iska na zurarewa da yawa, shin da baki buɗe yake barci? Kwana biyu aka kawo mishi wani takunkumi. Ya ce da ba a kira shi ran nan ba, da tuni na'urar na bisa kabad.

Amma a Maraɗi mun ga ɗaya fuskar abin da idonmu. Na'urar ba ta samu rezon da ta sani ba, ta yi shiru, ta riƙa tara lissafi a cikinta. Kuran kuma kun san halinsa cikin Afrilu. Ƙarfe ɗaya ya tafi, fanka ta tsaya, na'ura ta tsaya, Yaya ya tashi zaune yana fifita da kwali. Da ya koma Faransa ta zazzage musu sati biyar gaba ɗaya: awa ɗaya da minti arba'in, awa biyu, sifiri, sifiri. A takardarsu ya fito mutum mai taurin kai da ya watsar da magani. Babu layin da ke cewa wuta ta ɗauke. Sai da ya kira ya yi bayani da baki, aka rubuta a gefe.

Kafin ya koma ya matsa sai da aka kai Baba Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, wurin wani likitan huhu. Aka ɗaura mishi ɗamara a ƙirji da ciki, siririn tiyo a hanci, ɗan matsi a yatsa, ya kwana da su dare ɗaya. Sakamako ya fito 47 a awa. Inna ta ce: "Ni na san sun hi haka, ku dai ba ku ƙirga da kyau ba." Muka haɗa kuɗi, kwatankwacin na sabon moto, Yaya ya aiko da na'ura sabuwa, likita ya saita ta.

Wata guda tana cikin jakarta.

Ba wanda zai kira Baba rana ta biyar. Ba kamfani, ba asusu, likita na Yamai da layin majinyata har waje. In muka tambaya sai ya ce zafi. In muka sake tambaya ya ce shi ba jaki ba ne da za a sa wa takunkumi. Sai muka ce mu za mu zama kamfanin. Na'urar tana da ɗan allo da ke nuna awannin daren jiya. Muka ɗora wa Auta aiki: kullum bayan sallar asuba ya ɗauki hoton allon ya sa a gurup ɗin WhatsApp na gida, inda muke mu goma sha tara, har da surukai. Kowace safiya tambaya ɗaya ce: Baba, awa nawa jiya? In ta nuna biyu, saƙon murya ya riƙa zuwa daga Yamai, daga Agadas, daga Liyon. Baba ka yi ƙoƙari. Baba huɗu aka ce. Mutumin da ya rene mu ya zama ɗan lakwal da ake duba wa kaye kowace safiya, mu kuma muna jin muna aikin lada.

Sati na uku lissafi ya gyaru. Huɗu da minti goma, huɗu da minti biyar, huɗu cif. Muka yi ta barka. Sai Inna ta ce wa Auta ita dai ba ta gane wannan huɗu ba, don daga ƙarfe ɗaya har kiran salla minshari take ji kamar da. Ashe Baba ya gano na'urar ba ta san barci da ido biyu ba, numfashi kawai take ji. Bayan isha'i sai ya sa takunkumi ya jingina da bango, ya kunna rediyo yana sauraren labarai, ya cika awa biyu ido biyu. Ya kwanta ya yi biyu, ya duba allo, ya cire ya ajiye. An ce huɗu, ya ba mu huɗu. Ɗan kasuwa ne fa.

Mun yi dariya, amma da muka faɗa wa likita bai yi ba. Ya ce awa huɗun nan ma'aunin masu biyan kuɗi ne, jiki bai san da shi ba, abin da ake so shi ne duk lokacin da mutum ke barci. Kuma barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, lokacin ne nama ya fi saki, ga mutane da yawa lokacin ne numfashi ya fi daɗewa a tsaye. Wato Baba na cire ta daidai inda ya fi bukatarta. Yaya ya ƙara mana da wani babban bincike da aka buga a 2016, kan mutum sama da 2,700 masu ciwon zuciya ko jijiyoyin ƙwaƙwalwa: waɗanda aka ba na'urar sun samu sauƙin gyangyaɗi, amma ba a ga bugun zuciya da shanyewar jiki sun ragu ba, kuma awa 3.3 kawai suke sa ta a dare in an raba. Har yau likitoci na muhawara ko ƙarancin awannin ne ya jawo haka. Mu abin da muka ɗauka shi ne ko can inda kuran ba ya tafiya, kwana da abin nan ba wasa ba ne.

Akwai kuma abin da hotunan suka tona wanda ba mu da hurumin gani. Wata ƙanwarmu ce ta lura, ta kira ɗayanmu a gefe. In ka jera lissafin sai ka ga biyu da awanni, biyu sifiri, biyu da awanni, biyu sifiri. Ranakun girkin Tanti ne, amaryar Baba, sifirin ke faɗowa. Kunya yake ji ta gan shi da tiyo a fuska. Mutum goma sha tara, har da mazan ƙannenmu, suna karanta rabon kwanan mahaifinmu a salula kowace safiya. Yaya da ke hannun Turawa sai da aka nemi sa hannunsa, mu kuwa ba wanda ya tambayi Baba ko ya yarda. Ran nan muka dakatar da Auta. Kunyar da muka ji ba ta faɗuwa.

Inna ce ta gyara abin da muka ɓata, kuma ba ta iya karanta allon ba. Ta zauna da shi bayan la'asar ta ce: "Alhaji, mi ke damunka da abin ga? Hwaɗa mini gaskiya." Mu wata biyu muna tambayar awa nawa, ba wanda ya yi wannan tambaya. Sai ga amsoshi. Iska na hura mishi ido ta gefen hanci, ya tashi da ido ja. Gemu na hana robar zama. Igiyar na cin bayan kunne. Babba kuma, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba: daren farko da ya gwada, kuran ya tafi yana cikin barci, ya farka fuska a rufe, duhu, iska ta tsaya. Takunkumin na da ƴan ramukan da iska ke fita, kuma da ya buɗe baki ya sha iska, amma shi a wannan daƙiƙar kabari ya tuna. Tun daga ranar tsoro yake barci ya yi mishi nauyi da abin a fuska.

Duk abin da ya lissafa yana da magani, kuma ba mai tsada sosai ba. Aka canza takunkumin zuwa ƙarami mai zama a ƙofar hanci kawai, gemu ya fita daga magana. Muka sayi batir da ƙaramin faifan sola, na'urar ta koma kan batir ko da kuran ko babu. Mai haɗa mana ya ce a kashe abin da ke ɗumama ruwa, shi ke shan wuta, muka kashe. Sai da hunturu ya shigo hanci ya fara bushewa muka mayar da shi kaɗan. Ƙurar hunturu ma wani aiki ce: ƴar farar matatar da ke bayan na'urar, wadda Yaya ke daɗewa bai canza ba a can, a nan sati biyu ta koma kalar ƙasa. Maganar Tanti kuwa ba mu san yadda aka yi ba. Inna ta shiga ɗakinta ta jima. Washegari Tanti ce ta wanke tiyo ta shanya a inuwa, ta kuma ce wa Baba ita ma shekara shida ba ta yi barcin kirki ba ranar girkinta.

Yanzu mutum ɗaya ke ganin allon bayan shi, wanda shi ya zaɓa, ƙanwarmu mai aikin jinya. Ba ta tambayarsa kullum. In ta ga dare biyu a jere sun yi ƙasa sai ta kira ta gaishe shi, ta tambayi hanci, ta tambayi batir. Ƙarshen wata Auta ya cire ɗan katin da ke gefen na'urar ya kai wurin mai kwamfuta, a aika wa likita Yamai. Sau ɗaya likitan ya duba ya ce a ɗan rage ƙarfin iskar, ya nuna wa ƙanwarmu yadda za ta yi ta bidiyo. Ba mu ce ya kai tsarin su Yaya ba. Can na'ura ke gaya wa ma'aikaci matsala tun kafin majinyaci ya gaji, nan sai wata ya cika. Amma mun ga na can ma in ba a ɗaga waya an tambaya ba, sifirin Maraɗi da sifirin taurin kai iri ɗaya suke fitowa a takarda.

Tun da labarin ya bazu a kasuwa mutum uku suka zo aron na'urar, wai su gwada dare ɗaya. Mun hana, kuma muna roƙonku ku ma ku hana. Ƙarfin iskar kowa daban ne, kuma ba duk mai minshari ke da ciwon ba, sai an auna. Masu sayen ta hannu daga kayan Turai su yi hattara: a 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson da ke ciki na iya rududdugewa ya bi iska, kuma ba abin mamaki ba ne irinsu su ɓullo a kasuwanninmu. In kuna da wanda minsharinsa ke yankewa ya yi shiru, ga gyangyaɗin rana, ga hawan jinin da ya ƙi magani, musamman in direba ne, ku kai shi likita, ku tafi da wadda ke kwana kusa da shi, don ita ke da labarin.

Baba bai zama yaro ba. Yana shan maganin hawan jininsa, likita ya rage ƙwaya ɗaya ya ce a ci gaba da aunawa. Azumin bana lissafi ya watse, tsakanin tarawi da sahur barcin ma bai kai huɗu ba, ƙanwarmu ta ce ya riƙa sa ta in zai yi ƙailula, wani lokaci ya sa, wani lokaci ya manta. Ran Juma'ar da ta wuce ya dawo masallaci yana gardama da abin da liman ya faɗa a ƙarshen huɗuba, muka kalli juna. Ya fara maganar komawa tuƙi, mun ce sai likita ya yarda, ana nan ana ja.

Maƙwabta sun tambaya ko an sayar da injin niƙa. Inna kuwa ta ce har yanzu takan farka ƙarfe biyu, ta ji ɗaki shiru, gabanta ya faɗi. Sai ta miƙa hannu wajen takunkumin, ta ji ƴar iskar da ke fita tana taɓa tafinta, sannan ta koma ta kwanta.